Rigar da Iya Falmata Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Tun kafin in taɓa riƙe sukundireba akwai abin da nake tsoro, kuma har yau bai gama sakina ba: kada wata rana mutum ya kawo abin da ya ɗora ransa a kai, ni kuma in lalata masa saboda ban yi karatu ba. A aji huɗu na firamare na tsaya. Ina haɗa baƙi, ina karanta lamba, amma Turancin da ke jikin kwalayen kayan kwamfuta, yawanci da siffa nake gane shi, yadda nake gane zanen hula. Shi ya sa idan ku matasan yanzu kuka shigo shagonmu a Dogo Tebo, nan Potiskum, da waya a hannu, kuka ce ai kun gani a bidiyo, haɗa kwamfutar gem aikin minti ashirin ne, sai in ci gaba da aikina. Ɗaure kusoshin kam minti ashirin ne. Zaɓen abin da za a ɗaure ɗin shi ne sana'ar, kuma shekarata bakwai a ciki gabana bai daina faɗuwa ba.

Shagon na maigidana ne, Malam Isiyaku, wanda nake ce wa Baban Ummi. Ni ɗinkin hula nake yi a gida. Aikin farko da na taɓa ba ma a shago ba ne. Wata Juma'a da hantsi ya dawo da wani bod a leda, wato faffaɗan allon nan da duk kayan cikin kwamfuta ke zama a kansa. A tsakiyarsa akwai gurbin furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, kuma gurbin cike yake da 'yan ƙarafa a jere, sun fi gashin gira siranta. Wani ya danna furosesa a karkace ya lanƙwasa wasu. Baban Ummi ya zauna a tabarma, ya sa tabarau, ya cire, ya matsa rana, ya dawo inuwa. A lokacin idonsa ya fara rauni, bai dai so ya faɗa ba.

"Hauwa, ara mini allurarki."

Na ba shi. Ina kallo hannunsa yana zuwa kusa da wurin yana wucewa.

"Baban Ummi, ba wannan ba ne. Na gefensa, wanda ke kallon gabas."

Ya ɗago ya dube ni. "Kina ganinsu?"

"Huɗu ne. Uku a jere, ɗaya can ƙasa."

Ya miƙo mini bod ɗin da allurar. Na ce a'a wallahi, ni ba zan taɓa kayan mutane ba. Ya ce, "Kayan ya riga ya mutu, Hauwa. Gawa ba ta tsoron allura." Na zauna, Ummi tana goye tana barci, na riƙa ɗago su ɗaya bayan ɗaya ina riƙe numfashi. Da ya koma shago ya kunna, abu ya tashi. Ya dawo mini da tsire da yamma.

Daga ranar ya fara kawo mini ƙananan ayyuka gida, bayan shekara guda kuma ya yanka mini lungu a bayan shagon, ya sa labule da benci. Kayan aikina ba su da yawa. Sukundireba biyu, babba da ƙarami. Hantsaki. Burushi mai laushi. Tef ɗin awo irin na tela, da wani ɗan kwanon silba daga cikin kayan aurena da nake zuba kusoshi a ciki, don kusar kwamfuta in ta faɗi ƙasa ta tafi ke nan, in kuwa cikin na'ura ta faɗa ba ka gani ba, gara ma ta ɓace. Abin da ya fara koya mini ba sunan kaya ba ne. Bakin hijabina ya kama ya murza.

"Wannan mai santsin ki bar shi don zuwa biki. Kin taɓa cire shi kika ji yana ƙas-ƙas, har ya ɗan tsikare ki?"

"Kullum ma."

"To wannan 'yar wutar da ba ta kashe sauro, tana kashe ram."

Tun daga nan na auduga nake sawa a wurin aiki, kuma kafin in taɓa komai sai na dafa ƙarfen ƙofa. Ram, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan sanduna ne da na'ura ke ajiye abin da take aiki da shi a yanzu-yanzu, kamar tiren da mai girki ke jera abin da za ta zuba a tukunya. In tiren ya yi ƙarami sai ta yi ta zarya, girki ya yi nawa.

Zaɓen kaya kuwa, da tukunya da murfi ya koya mini. Kowane furosesa da irin bod ɗin da yake zama a kai, in ba gidansa ba ne ko ka roƙe shi ba zai zauna ba. Ram ma akwai tsohon yayi akwai sabo, ɗan tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba. Na haddace lambobinsu yadda ake haddace lambar waya. Sai katin hoto, wanda shi ne ke zana duk abin da ɗan gem ke gani a allo. Shi ne ango a wannan biki, kowa shi yake tambaya. Amma ango ne mai ci. In ka ɗauko babba, dole ka ba shi fawa mai ƙarfi, wato akwatin da ke raba wa kowa wuta a ciki, kuma dole ka san zai fitar da zafi kamar murhu.

Akwai wani mai gidan gem daga Nangere da ya zo mana da wani ƙaton kati da ya sayo a Kano, da akwati mai gilashi da fitilu masu canza launi. Ya ce fawa kuwa a sa masa kowace iri, ta hannu ma ta isa, ai ba ganinta ake yi ba. Ban san lokacin da na leƙo daga labule ba, na ce, "Alhaji, zuciya ma ai ba ganinta ake yi ba." Baban Ummi ya yi tari don ya haɗiye dariya. Mutumin ya ce au, ashe akwai malama a ciki. Na fito da tef ɗina na auna katin, na auna akwatin, kati ya fi da yatsa biyu. Ya koma da mai gilashin, ya ɗauki baƙin akwati mai raga a gaba da sabuwar fawa, yana ta mita wai kwamfutarsa ta zama kamar kejin kaji. Har yau tana aiki, kuma duk sanda ya zo sai ya ce, "Ina malama mai zuciya?"

A wancan lokacin tambayoyi biyu nake yi kafin in zaɓi komai. Wane gem za a buga? Wace irin wuta ce a gidan, ta gari ko janareta ko sola? Ta ukun wata tsohuwa ce ta koya mini, ba tare da ta sani ba, a shekarar da ta fi kowace yi mana wuya.

Shekarar ce kaya suka yi tsadar da sai ka tambaya sau biyu don ka tabbata ka ji daidai, wutar gari kuma sai ta yi makonni ba ta leƙo unguwarmu ba. Masu gidajen gem suka rage zuwa. Muka koma wanke tsofaffin kaya da haɗa wannan da wancan. A nan na koyi duba katin hannu. In sunsuna shi, ko ya taɓa ƙonewa. In duba kan kusoshinsa, ko wani ya taɓa buɗewa. In juya fankarsa da yatsa in saurara. A shekarar ce kuma aka yi wa Baban Ummi aikin ido, yana zuwa shago da auduga manne a ido ɗaya, ya zauna a ƙofa yana amsa gaisuwa.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, wani direban tirela ya zo, Modu, cikin masu ɗaukar shanu daga kasuwar nan zuwa Kudu. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga magana. Ƙaninsa Bukar shi ma direba ne, shekara goma yana kan hanya, sai ya yi haɗari. Rai ya tsira, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi. Aka mai da shi cikin gida, ɗakin mahaifiyarsu, don ita ke kula da shi. Wata shida ke nan ya juya fuska bango, ba ya magana sai "to" da "a'a". Modu ya ce a wani masauki a Kudu ya ga mutane suna tuƙa tirela a kwamfuta, da sitiyari na gaske a hannu, da giya, da hanya a allo. Direbobin tasharsu sun haɗa hannu, ya ma sayo sitiyarin. Saura na'urar.

"Malam Isiyaku, ba wasa nake nema masa ba," in ji shi. "So nake ya sake riƙe sitiyari, ko ya juyo ya dube mu."

Baban Ummi ya nuna audugar idonsa. "Ka ga halin da nake. Maman Ummi ce za ta zaɓa, ita za ta haɗa."

Modu ya dubi labulen, ya ce to.

Kwana uku ina zaɓe. Gidansu sola ce da batura, don haka ban ɗauki abu mai cin wuta ba. Furosesa matsakaici. Katin hoto na hannu ne, amma sai da na bar shi yana aiki wuni biyu cur ina taɓa bayansa. Ram sanda biyu iri ɗaya, kamar tagwaye. Fawa sabuwa a kwalinta, nan ban yi sassauci ba. Akwati mai raga gaba da baya da sama, fanka uku. Da na gama, kowace waya na ɗaura mata zaren hula mai launi, na ɗaura irinsa a bakin raminta, ja da ja, kore da kore, don na san Baban Ummi ba zai shiga ya haɗa musu ba. Gidan mutane ne da matan aure, iyakar baƙo namiji zaure. A zauren ya tsaya ya nuna wa Modu, Modu ya shiga da ita.

Washegari Modu ya dawo yana washe baki tun daga bakin titi. Bukar ya juyo. Ya riƙe sitiyari, ya ce madubin hagu bai zauna daidai ba, aka gyara masa a cikin gem ɗin. Har ya ce wa mahaifiyarsa ta dafa masa shayi mai kauri irin na tasha.

Rana ta huɗu sai ga na'urar ta dawo a adaidaita. Wai in ya yi kamar rabin sa'a yana tuƙi sai ta ɗauke ɗif. Na kunna ta a shago tun hantsi har la'asar, tana tafiya sumul. Muka ce ko wutar gidan ce, muka ba su aron sitabilaiza. Bayan kwana biyu ta sake dawowa. Na cire komai na mayar, na goge man da ake shafa wa furosesa don ya miƙa zafinsa ga fanka, na shafa sabo. A shago lafiya lau. A gida rabin sa'a, ɗif.

Zuwa na uku Modu bai zauna ba. Ya ajiye ta a benci ya ce, "Bukar ya ce kada a sake kai masa. Wai motar gaske ta yar da shi a hanya, ta wasan ma a hanya take mutu masa. Ya koma bangonsa." Sai ya rage murya, amma labule ba katanga ba ne. "Malam, ba raini ba. A tasha ana cewa da ma kai ka zaɓa da kanka. Abin nan na masu boko ne."

Abin da na daɗe ina tsoro ke nan, ga shi ya zo har benci na. Da Modu ya tafi na ce wa Baban Ummi, in laifin zaɓena ne, in koma ɗinkin hulata, ita in na ɓata warwarewa ake yi.

"Na ji," in ji shi. "Amma buɗe ta sau ɗaya tukuna. Kada ki duba da abin da na koya miki, na ga mun ƙure shi. Duba da idon da ya ga ƙarafa huɗu."

Na buɗe. Ƙamshin turaren wuta ya bugo ni. Da ma na ji shi tun zuwan farko, ban ɗauke shi komai ba, wane gidan mutanen Barno ne ba ya wannan ƙamshi? Na sa burushi a ragar gaba, sai ga wani ɗan gashi-gashi ja a bakinsa. Na zuba a tafin hannu na kai ƙofa wurin haske. Ba ƙura ba ce, ba kuma zaren da na ɗaura ba ne. Gashin karammiski ne, na san shi, na sha yi wa hula baki da shi. Na duba ragar baya, akwai. Ta sama, akwai. In labule ne ke taɓa ta, gefe ɗaya zai taɓa. Wannan abu ko'ina ya zagaye ta.

"Baban Ummi, gobe ni zan mayar da ita. Ni ai ina shiga."

Da hantsi muka tafi, na goya Nana, ƙanwar Ummi, tana da wata biyar a lokacin. Baban Ummi ya zauna a zaure, Modu ya ɗauki na'urar ya yi mini jagora. Mahaifiyarsu Iya Falmata ta tare ni a tsakar gida, 'yar siririyar tsohuwa, Hausarta da karin Barebari.

"Wushe, wushe, 'yata. Ke ce mai haɗa injin? Kai, da goyo ma! Shigo, rana za ta dafa mini kishiya."

Ɗakin tsaf, an share an yayyafa ruwa. Bukar yana kwance a gado, fuskarsa a bango. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya juyo ba. Allon da sitiyarin suna kan wani tebur da aka yi masa daidai gado, ita kuwa na'urar wurinta a ƙasa ne, can bayan kan gadon, inda mai kwanciya ba ya gani. Na durƙusa na haɗa ja da ja, kore da kore. Ina dubawa ko'ina, ban ga karammiski ba. Zan kunna ke nan, sai Iya ta ce, "Dakata, 'yata, kada ki kunna ta tsirara."

Ta je kusurwa inda ta kife kwando a kan kaskon turare, ta ɗauko wani abu ja da ta shanya a kai. Riga ce. Rigar kwamfuta, ta jan karammiski, an yi mata shafi da soso a ciki kamar rigar kular abinci, an bi bakinta da zare mai ruwan zinariya. Ta bar 'yar kafa a baya don wayoyi, da wata a gaba daidai maɓallin kunnawa, ta daje bakinta da ɗinkin hannu. Ni mai allura ce, na san kwanakin da wannan aiki ya ci da idon tsohuwa. Ta zura wa na'urar, ta shafa ta, rigar ta zauna ɗas kamar an gwada.

"Yadin da na ajiye don lefen Bukar ne," ta faɗa a hankali yadda ba zai ji ba. "Na ce abin da ya sa ɗana ya yi magana ba zai zauna a ƙasa ƙura tana hawansa ba. In Modu zai kai muku sai in cire, kada ta yi datti a hanya."

Na rasa ta inda zan fara. A gidajenmu abin da ake so shi ake rufewa. Rediyo da mayafinsa, talabijin da nasa, kwanon maigida da faifansa. Ta yaya zan dubi tsohuwar nan in ce rigarta ce ta mai da ɗanta bango? Sai na ce bari abin ya faɗa da kansa. Na kunna, da rigar a jikinta.

"Malam Bukar, ga mota ta tashi."

Bai juyo ba.

"To ni zan ja. Amma ka sani ko keke ban iya ba. In na kashe shanun mutane, kai ne shaida."

Na kama sitiyarin na taka. Tirela ta fita daga tasha, na zo kwana na farko na murɗa gaba ɗaya, sai ji kake ƙarau, na kwashe wani turken fitila. Na ja baya na daki katanga. Iya ta ce, "Innalillahi, 'yata, a hankali!" kamar da gaske. A karo na uku sai na ji murya daga gado.

"Ba haka ake shiga kwana da tirela ba, Hajiya. Buɗewa ake yi tukuna. Bayanki fa dogo ne."

"To ai ban gani a makaranta ba."

Ya yi tsaki, ya ce wa Modu, "Yaya, tashe ni." Aka jingina shi da matasai, ya karɓi sitiyarin. Hannunsa na sauka a kai na ga bambanci, da yatsa uku yake juya abin da na kama da hannu biyu. Na bar shi ya yi kamar rubu'in sa'a yana tafiya. Fankokin suka fara kuka a cikin riga, ƙasa-ƙasa. Na matsa kusa da Iya na kama hannunta.

"Iya, sa hannunki nan ciki."

Ta zura ta kafar baya, ta fizge. "Kai! Zazzaɓi take yi!"

Na kwance goyona. Nana ta jiƙe sharkaf da gumi, wuyanta duk ya yi ja. Na cire mata hula, na shiga yi mata fifita da bakin zani.

"Iya, ita ma numfashi take yi kamar wannan. Ta gaba take shaƙa, ta fitar ta baya da sama. In zafi ya yi mata yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ba lalacewa take yi ba."

Iya ta dubi Nana, ta dubi rigar. Sannan ta ce, "Ashe ni ce."

"Me ya faru?" in ji Bukar, idonsa na kan hanya. Na zare rigar na ɗaga ta yadda zai gani. Fankokin suka sauke murya nan take, kamar wanda aka cire wa hannu daga baki. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya dubi jan karammiskin da sosonsa, ya dubi mahaifiyarsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Iya! Lagireto kika lulluɓe mini da bargo? A bazara?"

Dariya yake yi har da hawaye, yana dukan sitiyari, hon yana ta ƙara. Modu ya fita tsakar gida da sauri, na ji yana fyace hanci. Daga baya Baban Ummi ya ce har zaure ya jiyo dariyar, ya rasa ko lafiya.

Iya dai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi rigar tana ninkewa a cinyarta, tana daidaita bakin zinariyar. "Ƙafa ban iya ba shi ba," in ji ta. "Abin da na iya ke nan."

Na ce, "Iya, kada ki ajiye ta. Wallahi ƙura ma tana kashe su, kullum sai na share ta a na mutane. Rigar nan tana da aiki, lokacinta ne kawai aka saɓa. In zai tuƙa, ki cire. In ya kashe, ki bari ta huce kamar yadda ake barin tukunya, ki taɓa ki ji ta yi sanyi, sannan ki sa mata. Shi ba ya kaiwa can. Dole sai da ke."

Ta dube ni ta gefen ido. "Ba don ki faranta mini ba?"

"Ki tambayi direba."

"Gaskiya ne, Iya," in ji Bukar. "Kowace mota da mai buɗe mata bonet."

Na zauna har azahar, yana tuƙi, ba ta ɗauke ba. Muka ɗora ta a kan wata 'yar kujera, muka janye ta daga bango taƙi guda. Da zan tafi Iya ta cusa mini ƙullin turaren wuta a hannu, ta ce na kishiyarta ne, ba nawa ba.

Shekara uku ke nan. Na'urar ba ta sake zuwa shago ba sai sau ɗaya, don shara, kuma a cikin rigarta ta zo, a kashe, a sanyaye. Modu ya ce kullum bayan karin kumallo sai a ji Bukar yana cewa, "Iya, buɗe bonet, za mu tashi," ita kuma ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Direbobin tasha da suka ce abin na masu boko ne, biyu a cikinsu ni na haɗa wa 'ya'yansu.

Tsorona bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Kayan da na zaɓa daidai ne, amma da ban ga jan gashin nan ba, da Bukar yana bango, ni ina gida da allura, kuma ba wanda zai taɓa sanin dalili. Shi ya sa yanzu tambayoyina uku ne. Wane gem, wace wuta, sannan a wane ɗaki za ta zauna, wa ke share ɗakin?

Don haka ga roƙona, ku masu shirin haɗa taku. Ku zaɓi fawa mai kyau ko da fitilu za su jira. Ku ɗauki akwatin da iska ke ratsawa, nan Potiskum ne. Kuma don Allah, ranar da kuka kai ta gida, kada ku wuce ɗaki ku rufe ƙofa. Ku kira mahaifiyarku, ko matarku, ko duk wadda ke share wurin, ku kama hannunta ku sa a bayan na'urar ta ji iskar da ke fita. Ku gaya mata da bakin girmamawa cewa wannan abu numfashi yake yi.